Kafin ka dangwala yatsa a takardar masu bincike a asibiti

Kana zaune a tabarma gefen gadon mara lafiyarka a wani asibiti a Gusau, ga fulas ɗin kunu, ga ledar magani, sai wani matashi mai farar riga ya tsuguna kusa da kai da takarda da biro. "Baba, wani ɗan bincike muke yi, a taimaka a sa mana hannu nan." Yawancinmu ba ma tambayar komai. Farar rigar ta ishe mu hujja, ga kuma tsoron kada a ƙi, a daina kula da mara lafiya.

Doka ba haka ta tsara ba. Sashe na 32 na Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, ya ce ba a yin bincike ko gwaji a kan mutum sai da yardarsa a rubuce, bayan an bayyana masa manufar binciken da abin da zai iya jawo wa lafiyarsa. Bayani ne a gaba, sa hannu a baya. Idan ƙaramin yaro ne, sai da yardar iyayensa ko mai riƙonsa.

Bayanin kuwa sai wanda ka fahimta. Wanda aka karanta wa shafi uku na Turanci ya gyaɗa kai don kunya, ni dai ban ga inda aka yi masa bayani ba. Ka ce a faɗa maka da Hausa. Jini za a ɗiba? Sau nawa? Sabon magani ne, ko tambayoyi kawai? Wa zai ga amsar? Ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa na 2007 sun ba ka damar ƙi tun farko, ko janyewa a tsakiya, ba tare da hakan ya taɓa jinyar da ake yi ba.

Mai binciken ma ba gaban kansa yake ci ba. Duk cibiyar da ake bincike a cikinta dole ta kafa kwamitin ɗa'a mai rajista, ko ta jingina da wani, kuma shi ke duba tsarin kafin a fara. Tambayar "wane kwamiti ya amince?" ba rashin kunya ba ce.

Ba banza aka tsaurara ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Wannan ba ya nufin a riƙa korar masu bincike. Mu a Zamfara mun ga ranar bincike: awon jinin yara ne ya tabbatar da gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da yara ke ta mutuwa ana zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau. Yawancin binciken da za ka ci karo da shi a ɗakin jinya ma mai sauƙi ne, irin na ƙidaya waɗanda ciwonsu ya yi ruwa bayan tiyata, ko awa nawa ake jira kafin ganin likita. Wani ma tsofaffin katunan marasa lafiya kawai ake dubawa, kuma kwamiti kan iya yarda a yi shi ba tare da an neme ka ba, muddin an cire sunaye.

Idan ka gamsu ka dangwala, nemi kwafin takardar, ka duba ko akwai lambar wayar da za ka kira.