Mene ne auna ruwan sama da turakun sadarwar waya?

A jikin turken sadarwa, ban da dogayen eriyoyin da ke ba wayoyin hannu sabis, akwai wasu masu kama da ganga, kowace ta fuskanci wani turke can nesa. Aikinsu kai bayanai daga turke zuwa turke ta hanyar siginar maikirowef, galibi tsakanin gigahaz 7 zuwa 40 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar sigina ne), sababbi kuma har sama da 70. Tazarar kan kama daga 'yan ɗaruruwan mitoci zuwa gomman kilomitoci. Masana na kiran wannan layi na sigina tsakanin eriya biyu "commercial microwave link" da Turanci, ko CML a taƙaice. Idan ruwan sama ya ratsa tsakanin eriyoyin biyu, ɗigon ruwan yakan sha wani ɓangare na siginar, ya warwatsa wani, sai ta isa da rauni. Injiniyoyin kamfanoni sun daɗe suna lura da wannan rauni a matsayin matsala. A 2006 ne Hagit Messer da abokan aikinta na Jami'ar Tel Aviv suka nuna cewa da shi za a iya lissafa yawan ruwan da ya zuba.

Lissafin ba shi da wuya. Kamfani na adana ƙarfin siginar da aka tura da wanda aka karɓa, wasu duk minti ɗaya, wasu kuma mafi ƙanƙanta da mafi girma kawai a duk minti 15. Da farko sai a gano matakin siginar lokacin da gari yake bushe. A ce layi ne mai kilomita 5 a kan gigahaz 23, siginarsa ta faɗi da desibel 8.5 (desibel ma'aunin ƙaruwa ko raguwar ƙarfin sigina ne) da hadari ya sauka. A cire kimanin desibel 2 na jiƙewar eriya, saura 6.5. A raba da tsawon layin, an samu 1.3 a kowace kilomita, wanda ya yi daidai da ruwan kusan milimita 10 a awa. A wannan zango na gigahaz, raunin sigina da ƙarfin ruwa kusan tare suke hawa, shi ya sa ba sai an san girman ɗigon ba. A gigahaz 7 kuwa, ruwan milimita 10 ɗin nan bai kai ya rage ko desibel 0.1 a kilomita ba, don haka sai layin ya yi tsawo sosai kafin a ga tasirinsa, yayyafi ma yakan wuce ba a sani ba.

Jiƙewar eriya ita ce babbar mai ɓata lissafi. Ruwan da ya kwanta a murfinta yana rage sigina ko bayan an ɗauke ruwa, har sai ya bushe, kuma a gajeren layi yana iya fin raunin da ruwan kansa ya jawo. Raɓar asuba ma haka take yi, sai a ɗauka ruwa ne alhali ko gajimare babu. Maganin da aka fi yi shi ne duba layukan da ke maƙwabtaka: idan ruwa ne, da yawansu za su faɗi tare. Akwai kuma na'urorin da ke ƙara ƙarfin turawa da kansu in sun ji sigina ta ragu. Wanda bai samu alƙaluman turawar ba, zai ga ruwan ƙasa da yadda yake. Mamakon ruwa kuwa yakan katse layin gaba ɗaya, a rasa bayani daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Tururin da ke cikin iska ma yana shan sigina, musamman kusa da gigahaz 22.235. Amma abin kaɗan ne, kimanin desibel 0.2 a kilomita a iska mai matsakaicin danshi. Na'urar da ke adana alƙaluma a dunƙule, desibel ɗaya-ɗaya, ba za ta gan shi ba. Sai mai iya bambance 0.1, a dogon layi, ranar da ba ruwa, tare da sanin zafin iska da nauyinta. Saboda haka auna danshi bai kai auna ruwa ƙwari ba tukuna.

Amfanin hanyar ya fi fitowa a inda ma'aunan ruwa suka yi ƙaranci, babu kuma na'urar rada mai hango ruwan sama daga nesa. Ma'auni wuri guda yake aunawa, layi kuwa matsakaicin duk tsawonsa yake bayarwa, a kusa da ƙasa. A 2013 masu bincike a Holan sun fitar da taswirar ruwan ƙasar baki ɗaya daga layuka fiye da 2,000, sannan a 2014 aka wallafa gwajin Burkina Faso da aka yi da layi mai kilomita 29. Cikas ɗin da ya rage ba na kimiyya ba ne: bayanan mallakar kamfanoni ne, sai da yarjejeniya suke bayarwa, kuma duk inda aka shimfiɗa wayar fayiba aka sauke eriyoyin, wannan ma'aunin ya tafi tare da su.