Shin jikin mutum yana sabunta kansa duk shekara bakwai?

An daɗe ana cewa duk shekara bakwai jikin ɗan Adam yana sauya ƙwayoyin halittarsa (wato ƙananan tubalan da suka haɗu suka gina jiki) gaba ɗaya, ya zama sabo fil. Maganar ba ta rasa tushe ba, domin ƙwayoyin suna mutuwa wasu na maye gurbinsu. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa duk iri ɗaya ne, kwanansu ɗaya.

A jikinmu akwai ƙwayoyin halitta iri-iri sama da 200, kowanne da tsawon ransa. Waɗanda ke shimfiɗe a bangon hanji ba sa wuce kwana uku zuwa biyar, saboda gogayya da abinci. Na saman fata kuwa 'yan makonni ne. Jajayen ƙwayoyin jini sukan yi kamar kwana 120, ɓargo kuma yana ta ƙera sababbi dare da rana. Da yake sugan jini yana manne wa waɗannan ƙwayoyi tsawon ransu, shi ya sa akwai gwajin ciwon suga da ke nuna yadda sugan mutum ya kasance a watanni biyu zuwa uku da suka wuce.

Abin mamakin ma, yawancin ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa da na tsakiyar madubin ido, da su aka haife mu, da su za mu tsufa.

Idan ka sake jin irin wannan magana, tambayi mai faɗa: wace ƙwaya yake nufi, a wace gaɓa? Sai ka duba littafin ilimin halittu na sakandare, ko ka tambayi likita. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.