Tazarar jirgin sama tsakanin Damagaram da Yamai

Tazarar da ke tsakanin filin jirgin Damagaram (ZND) da filin Diori Hamani na Yamai (NIM) wajen kilomita 740 ce in an miƙe ta sama. Yamai na yamma, ta ɗan karkata kudu kaɗan.

Tazara da lokaci

Jirgi mai farfela irin Fokker 50, wanda Niger Airlines ya yi ta jigila da shi a wannan hanya, yana gudun wajen kilomita 500 a awa, to in aka haɗa da tashi da sauka abin yakan kai awa ɗaya da minti 45 zuwa awa biyu. In jirgin zai yada zango a Maraɗi sai a ƙara lissafi. Ta ƙasa kuwa gudaro ne na kusan kilomita 900, hanyar RN1, daga Damagaram sai Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso kafin a ga Yamai, wanda ya shiga motar bas da asuba dai sai dare ya yi sosai yake sauka, ƙafafu a kumbure, ga tsaye-tsayen salla da na jandarmomi.

Agogo ɗaya ne a garuruwan biyu amma rana ba ta san da wannan ba. Tana rigan faɗuwa a Damagaram da wajen minti 27, shi ya sa da azumi mutanen unguwannin Birni da Zango na Damagaram sun sha ruwa har sun yi magariba, na Yamai suna nan suna kallon sama.

Tarihi

Asali ba Yamai ake nufa ba, Damagaram ake zuwa. Tun zamanin Sarki Tanimun, a tsakiyar ƙarni na 19, ayarin raƙuma daga Kano zuwa Agadas da Tarabulus nan yake sauke kaya, tafiyar kudu da arewa ce, ta yamma ba ta dami kowa ba. Faransawa sun kama garin a 1899, shekara guda bayan an kashe hafsansu Kyaftin Cazemajou a nan, kuma daga wajen 1911 nan ne babban birnin mulkinsu na Nijar har 1926 da suka kwashe zuwa Yamai. Dalili? Wasu sun ce ƙarancin ruwa, wasu sun ce kusanci da Kanon Ingilishi ne bai kwanta musu ba. Ko yau ɗin ma Kano ba ta wuce kilomita 200 ta sama ba, wato ko sulusin nisan Yamai ba ta kai ba. Daga wannan ƙaura ne duk wata takarda ta gwamnati ta koma bakin kogin Kwara, Badamagare ya shiga doguwar tafiya.

Yanayi

Hazo ne babbar matsala, daga Disamba zuwa Fabrairu. In ƙura ta rufe har matuƙi ba ya hangen titin sauka, sai a jinkirta tashi ko a soke gaba ɗaya. Zafin Afrilu da Mayu, da yakan haura digiri 40, shi kuma iska yake sassautawa, jirgi sai ya ƙara gudu a titi kafin ya ɗaga.

Zirga-zirga

Jiragen haya ba kullum suke zuwa ba, jadawalin yana yawan sauyawa. Akwai kuma jiragen agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya (UNHAS), su ma'aikatan ƙungiyoyi suke ɗauka.