Leon Fleisher, makaɗin piyano kuma malamin kiɗa

Leon Fleisher (23 ga Yuli 1928 zuwa 2 ga Agusta 2020) makaɗin piyano ne ɗan ƙasar Amurka, jagoran ƙungiyar makaɗa, kuma malami a makarantar kiɗa ta Peabody da ke Baltimore na tsawon shekara 60 da ɗoriya. Tun yana matashi ya yi fice wajen kaɗa ayyukan manyan marubuta kiɗa Beethoven da Brahms. A 1964 yatsu biyu na hannunsa na dama suka daina motsi yadda yake so, abin da ya sa ya yi kusan shekara 30 yana wasa da hagu kaɗai. A wannan tsakani ne ya zama ɗaya daga cikin malaman piyano da aka fi ji da su a Amurka.

Tasowa da karatu

An haife shi a San Francisco. Iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai, mahaifinsa kuma mai sana'ar huluna ne. Ya fara taɓa piyano yana ɗan shekara 4, ya yi wasa a gaban jama'a yana da 8. Yana ɗan shekara 9 shahararren makaɗin piyano Artur Schnabel ya karɓe shi ɗalibi, alhali ba ya karɓar yara ƙanana. An soma darasin a bakin tafkin Como a Italiya, aka ci gaba a New York bayan Schnabel ya koma can, suka yi kusan shekara 10 tare.

Silsilar malaman tana da nauyi a wurin masu wannan fanni. Schnabel ɗalibin Theodor Leschetizky ne, shi kuma ya yi karatu wurin Carl Czerny, wanda ya ɗauki darasi a hannun Beethoven kansa. Schnabel ne kuma mutum na farko da ya naɗi duka sonata 32 na Beethoven (dogayen kiɗa na piyano kaɗai) a faifai. Ƙa'idarsa ita ce makaɗi ya ji sautin a cikin kunnensa kafin yatsa ya sauka, kuma ɗalibai kan zauna su saurari darasin junansu. Fleisher ya riƙe waɗannan biyun har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarun tashe

A 1944, yana da shekara 16, ya hau dandalin Carnegie Hall tare da ƙungiyar New York Philharmonic ƙarƙashin jagorancin Pierre Monteux, ya kaɗa konsato na farko na Brahms. Konsato kiɗa ne da ake rubutawa domin makaɗi guda da babbar ƙungiyar makaɗa suna amsa wa juna, wannan kuwa yana cin minti 45 zuwa 50. A 1952 ya ci gasar Sarauniya Elisabeth a Brussels ta ƙasar Beljiyam, Ba'amurke na farko da ya yi haka.

Abin da ya fi dorewa daga wannan zamani shi ne faya-fayen da ya naɗa da ƙungiyar makaɗan Cleveland da jagoranta George Szell: konsato biyar na Beethoven, biyu na Brahms, da na Grieg da Schumann, da na 25 na Mozart. Szell mutum ne mai tsanani da ba ya yafe sakaci, kuma halin nasu ya zo ɗaya. Ana jin kowane sauti tsaf, ba a jan kiɗan don neman tafi, bugun ba ya sassauci.

Abin da ya sami hannun

Piyano yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma a yawancin kiɗa hannun dama ne ke ɗauke da karin da gudun yatsu. A 1964 Fleisher ya lura yatsan zobe da ƙaramin yatsa na damansa suna lanƙwashewa zuwa tafin hannu da zarar ya fara wasa. Babu zafi. Sai ya yi abin da kusan kowane makaɗi ke yi: ya ɗauka rauni ne na rashin atisaye, ya ƙara sa'o'in atisayen. Cikin watanni yatsun suka naɗe, har rubutu ya zame masa wahala. A 1965 dole ya janye daga rangadin da ƙungiyar Cleveland ta shirya zuwa Tarayyar Sobiyet.

Sai a shekarun 1990 likitoci suka gane cewa distoniya ce, irin wadda ke kama gaɓa guda. Tushenta yana cikin ƙwaƙwalwa. Kowane yatsa yana da nasa gurbi a sashen da ke kula da ji da motsi. Maimaita motsi iri ɗaya mai sauri na shekaru yana iya sa iyakokin guraben su cakuɗe, sai umarnin da aka aika wa yatsa ɗaya ya ja na kusa da shi, tsokar lanƙwasawa da ta miƙewa su ɗaure lokaci guda. Shi ya sa ƙarin atisaye ke ƙara dagula lamarin, domin kuskuren ake ƙara cusa wa ƙwaƙwalwa. Wata alamar da ke rikita likita ita ce sau da yawa hannu yana aiki lafiya a wasu ayyuka, sai an zo kan kayan kiɗan matsalar ta bayyana. Ana kiyasin tana samun kusan ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa, kuma maza sun fi yawa a ciki.

Kafin a gano haka ya gwada magunguna iri-iri ba tare da dacewa ba, ya kuma shiga baƙin ciki mai tsanani. A 1981 aka yi masa tiyata a wuyan hannu don saki jijiyar da ta matse. A 1982 ya kaɗa wani aikin César Franck da hannu biyu a bikin buɗe zauren Meyerhoff na Baltimore, amma abin bai ɗore ba, saboda tiyatar ba ta taɓa asalin ciwon ba.

Wasa da hagu

Ya tarar da tarin kiɗa na hannu ɗaya da aka riga aka rubuta, mafi yawa albarkacin Paul Wittgenstein, makaɗin ƙasar Austriya da ya rasa hannun dama a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya riƙa biyan manyan marubuta kiɗa su yi masa aiki. Daga nan aka sami konsaton hagu na Maurice Ravel, wanda aka fara kaɗawa a 1932, da na huɗu na Prokofiev, da Diversions na Benjamin Britten. Na Ravel ne Fleisher ya fi yawo da shi.

Kaɗawa da hagu yana da nasa dabaru. Makaɗi yana matsar da kujera zuwa dama domin hannun ya isa tsakiya da saman maɓallai ba tare da murɗa ƙugu ba. Babban yatsa, wanda ya fi sauran ƙarfi, shi ne ke faɗawa kan sauti mafi sama, don haka shi ke rera karin, sauran huɗu suna yi masa rakiya. Sautin ƙasa kuma ana buga shi ne da farko, a riƙe shi da fedar dama, wadda ake takawa da ƙafa don sauti ya ci gaba da amo, hannu ya yi tsalle zuwa sama. Nan ne ake yawan kuskure: idan aka saki feda da wuri, sautin ƙasa ya yanke kiɗan ya zama ba gindi, idan aka makara, sautuka su haɗe su yi dagwalo. Ƙwararru kan ɗaga fedar rabi, yadda za a share na sama a bar na ƙasa yana amo. Gajiya ma babbar matsala ce, domin kafaɗa guda ke ɗaukar aikin biyu.

A Disamba 2004 shi ne ya fara kaɗa wani aikin Paul Hindemith na 1923, wanda Wittgenstein ya karɓa ya ajiye bai taɓa kaɗawa ba. An yi wasan tare da Berlin Philharmonic ƙarƙashin Simon Rattle. Kafin nan, a 1996, William Bolcom ya rubuta masa wani kiɗa mai suna Gaea shi da abokinsa Gary Graffman, wanda shi ma ya sami matsalar hannun dama.

Ya kuma shiga jagorancin makaɗa. Ya jagoranci ƙungiyar Annapolis daga 1970, ya zama mataimakin jagora a ta Baltimore a 1973, ya kuma riƙe cibiyar kiɗa ta Tanglewood daga 1986 zuwa 1997.

Koyarwa

Ya fara koyarwa a Peabody tun 1959, daga baya ya haɗa da makarantar Curtis ta Philadelphia da ta Toronto a Kanada. Ciwon ya sauya salon koyarwarsa. Da, yakan ture ɗalibi daga kujera ya nuna masa yadda ake yi. Da hakan ya gagara, sai ya koma neman kalmomin da za su bayyana sautin da yake nufi, kuma shi da kansa ya ce wannan ya sa ya fi iya koyarwa.

Yakan gaya wa ɗalibai cewa makaɗi mutum uku ne a jiki ɗaya: na farko yana jin sautin kafin a buga, na biyu yana danna maɓalli, na uku yana gefe yana saurare, idan abin da ya fito bai yi daidai da na farko ba ya sanar da na biyu ya gyara. Yawancin ɗalibai na biyun kaɗai suke horarwa. Ya ɗora bugun kiɗa sama da komai, yana son a jinkirta sauti iyakar jinkiri ba tare da an makara ba, domin gaggawa ce ke kashe armashin jumlar kiɗa. Ya kuma yi ta gargaɗi game da atisaye na sa'o'i barkatai, yana umartar a miƙe tsoka, a huta, a yi nazarin takardar kiɗa nesa da piyano. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a wurinsa akwai André Watts, Yefim Bronfman, Louis Lortie da Jonathan Biss.

Dawowar hannun dama

Abu biyu suka taimaka masa: tausa mai zurfi da ake kira Rolfing, da allurar Botox a tsokar damtse da ke lanƙwasa yatsun. Maganin yana toshe saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, sai ta saki. Auna shi ke da wuya. In ya yi kaɗan yatsa ya ci gaba da naɗewa, in ya yi yawa yatsa ya yi sanyi ya kasa danna maɓalli. Aikinsa yana gushewa bayan wata uku zuwa huɗu, sai a sake.

A 1995 ya kaɗa konsato na 12 na Mozart da hannu biyu tare da ƙungiyar Cleveland. A 2003 ya yi wasa da hannu biyu a Carnegie Hall, a 2004 ya fitar da faifan Two Hands, wanda ke ɗauke da sonata ta ƙarshe ta Schubert. Bai taɓa cewa ya warke ba. Yakan zaɓi kiɗan da hannu ke danna sautuka a dunƙule, ya kauce wa masu dogon gudun yatsu. A 2007 aka ba shi lambar girmamawa ta Cibiyar Kennedy. Ya ci gaba da wasa, wani lokaci tare da matarsa Katherine Jacobson wadda ita ma makaɗiyar piyano ce, yana kuma koyarwa har makonnin ƙarshe. Ya rasu a Baltimore yana da shekara 92, sanadiyyar ciwon daji.