Mene ne gidan tarihi mai mu'amala?

Duk wanda makaranta ta taɓa kai shi gidan adana kayan tarihi ya san dokar wurin: kallo da ido, hannu a baya. Kaya na cikin gilashi, ga 'yar takarda mai layi biyu a gefe, mai gadi kuma na sa maka ido. To, gidan tarihi mai mu'amala shi ne wanda ya sauya wannan doka. Kai ne za ka fara yin wani abu, gidan kuma ya mayar maka da amsa. Ka danna, ka juya, ka saurara, ka gwada da hannunka, wani lokaci ma ka bar naka labarin kafin ka fita.

Tunanin ya girmi wayar hannu. A 1969 masanin kimiyya Frank Oppenheimer ya buɗe Exploratorium, wani gidan baje kolin kimiyya, a San Francisco ta Amurka, inda ake son yaro ya taɓa na'ura da kansa don ya gane yadda haske ko sauti ke aiki. Daga baya gidajen tarihin birane suka ari salon.

Misalin da ya fi burge ni shi ne STAM, gidan tarihin birnin Ghent na ƙasar Beljiyam, wanda aka buɗe a 2010. Kana shiga sai ka iske an shimfiɗa katafaren hoton birnin, wanda aka ɗauka daga sama, a daɓen ɗaki, kuma a kansa ake tafiya. Me ɗan gari zai fara yi? Zai durƙusa yana neman rufin gidansu, ya bi layinsu da yatsa har makarantar da ya yi. Daga nan sai ya je allon taɓawa ya duba tsoffin taswirori, ya ga yadda unguwar take ɗaruruwan shekaru baya. Kafin a ce masa uffan, ya riga ya gane cewa tarihin nan da shi ake yi.

A nan ne nake ganin mutane da yawa ke kuskuren fahimtar kalmar. Sun ɗauka mu'amala tana nufin cika ɗaki da kwamfuta da majigi. Allo kayan aiki ne kawai, yana lalacewa, kuma in wuta ta ɗauke ya zama baƙin gilashi. Asalin maganar ita ce baƙo ya sa hannu, mutanen gari kuma su sa baki. Ko majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, da ta sabunta ma'anar gidan tarihi a taronta na Prague a 2022, ta ambaci shigar al'umma cikin aikin ƙarara.

Shi ya sa duk sanda na tuna Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi na Kano, sai in ji abin ya tsaya min a rai. Gini ne da ake dangantawa da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma marinar Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi duk suna cikin birni ɗaya da shi, ana aiki a cikinsu har gobe. A ce marini zai zauna a tsakar gidan da ƙaramar tukunyar baba, ɗalibi ya tsoma ƙyalle da kansa ya ga yadda yake fitowa kore-kore sannan iska ta mayar da shi shuɗi. A ce akwai wani zaure da dattijuwa daga Yakasai ko Dala za ta zauna a naɗi muryarta tana ba da labarin yadda ake jeren ɗakin amarya a zamaninsu, jikokinta su zo su danna su ji. Na farkon ko wutar lantarki ba ya buƙata, na biyun kuwa waya ɗaya da ɗan lasifika sun isa.