Ajiye kwafin shafin WordPress da sabunta shi ta layin umarni

Layin umarni hanya ce ta sarrafa kwamfuta inda mutum ke rubuta mata abin da yake so kai tsaye, kuma masu kula da shafukan intanet sun dogara da shi wajen ajiye kwafin shafi kafin su sabunta manhajarsa. Ana shiga sabar, wato kwamfutar da shafin ke kanta, daga nesa ta SSH, tsarin sadarwa mai ɓoye bayanai wanda Tatu Ylönen, ɗan ƙasar Finland, ya ƙirƙiro a 1995.

Shafin da aka gina da WordPress, manhajar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, kashi biyu ne. Hotuna da zanen fuskar shafi da ƙananan manhajojin ƙari suna cikin jakar wp-content, amma rubuce-rubuce da sunayen masu shiga suna cikin rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB. Saboda haka wanda ya kwashe fayiloli kawai ya bar rumbun, ya tsira da hotuna ne ya rasa rubutunsa gaba ɗaya.

Umarnin mysqldump shi ke juye rumbun cikin fayil guda wanda za a iya mayarwa daga baya, tar kuma yana ɗaure fayiloli ƙunshi ɗaya. Wajen kai kwafin wata na'ura dabam, rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, ya fi dacewa, domin abin da ya sauya kaɗai yake turawa. Sai dai zaɓinsa na --delete yana goge duk fayil ɗin da ke wurin da ake kai kwafin idan babu shi a inda aka ɗauko kwafin, shi ya sa ya kamata a fara gwadawa da --dry-run, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba.

Bayan an tabbatar cewa kwafin yana buɗuwa, sai a sabunta da WP-CLI, manhajar sarrafa WordPress ta layin umarni: wp core update yana sauke sabuwar manhajar, wp core update-db kuma yana daidaita rumbun da ita. Matakin nan na biyu ba shi da umarnin warwarewa, don haka idan sabuntawar ta lalata shafi, fayil ɗin da mysqldump ya fitar ake ɗorawa a mayar da rumbun yadda yake a da.