Waiwaye: Tun yaushe marubutan Hausa ke taɓa abin da ake tsoron faɗa?

Duk inda aka tayar da zancen littattafan Hausa a Katsina yanzu, a majalisa ne ko a zauren WhatsApp, magana ɗaya ake komawa: marubuta sun wuce gona da iri. Wasu na neman a tace kowane labari kafin ya fita, wasu na cewa marubuci madubin al'umma ne, a bar shi ya nuna abin da ya gani. Ɓangarorin biyu suna magana kamar da wayar hannu matsalar ta zo, alhali ta girmi waya nesa ba kusa ba.

Kowa ya san gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya, kuma mafi yawan waɗanda suka yi fice a cikinta Kwalejin Katsina ce ta haɗa su. Tun a lokacin ba a guje wa batutuwa masu nauyi ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin bauta ne, an rubuta shi sa'ad da waɗanda aka taɓa kamawa bayi ke raye. Jiki Magayi kuwa ya nuna yadda mai dukiya ke raba masoya, da irin bala'in da ke biyo baya.

Wurin da aka fi tsallakewa shi ne farkon shekarun 1980, kuma a ganina nan ne hanya ta rabu. A 1980 kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga littattafan da suka ci gasarsa, ciki har da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Sai aka sake wata gasar, ta Sashen Al'adu na Tarayya, wadda a 1982 ta fito da Turmin Danya na shi Sulaiman ɗin da kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Na farkon ya shiga harkar fasa-ƙwauri da cin hanci, da yadda attajiri ke sayen shirun masu iko, abin da duk mutumin da ya san hanyar Jibiya ba ya buƙatar a fassara masa. Na biyun ya fi ban tsoro. Ya ɗauko Bamaguje ya sa shi a tsakiyar labari, ya bi sawun makamai da mutanen da yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 ya bari, ya nuna yadda gungun masu bindiga ke kafuwa a daji. Wanda ya karanta shi yau, yana jin labarin ƙauyukan Batsari da Safana da Faskari, dole jikinsa ya yi sanyi.

Abin lura shi ne waɗannan marubuta ba su kaɗai suka ɗauki kasadar ba. Akwai alƙalan gasa da suka karanta, akwai edita da ya zauna da rubutun ya ce nan a sassauta, nan a ƙara, akwai maɗaba'ar da ta sa sunanta a bango. Idan ƙura ta tashi, marubuci na da wanda zai tsaya masa.

Sai tattalin arziki ya karye. An shiga tsuke bakin aljihu a 1982, darajar naira ta faɗi daga 1986, takarda ta yi tsada, manyan maɗaba'u suka koma kan littattafan makaranta da suka tabbata za su sayu. Marubuta ba su daina ba, da kuɗinsu suka riƙa bugawa, aka samu abin da ake kira Adabin Kasuwar Kano. Ba na cikin masu raina shi. A nan ne Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan auren dole da hana 'ya mace karatu, ta sha suka ba kaɗan ba. Amma edita ya ɓace daga tsakani. Wanda ya zuba jarinsa dole ya duba abin da zai fita da sauri, kuma soyayya ta fi fita. Taɓa mai mulki ko mai kuɗi ya zama kasadar da mutum zai ɗauka shi kaɗai, ba lauya, ba kamfani.

Da labarai suka koma manhajar karatu ta Wattpad da zaurukan WhatsApp da ake biya kafin a shiga, wannan giɓin suka gada. Batsa na kawo kuɗi nan take, don haka ta yawaita, har ta sa duk wanda ya rubuta a kan fyaɗe ko shaye-shaye ko sakin wulaƙanci ana masa kallon ɗaya da masu ita. Wannan na damuna ƙwarai, domin yarinyar da ta rubuta abin da ya sami ƙawarta a sansanin gudun hijira ba ta da wanda zai gyara mata rubutun, balle ya kare ta idan aka taso mata. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta ɗan dawo da alƙalai da editoci, sai dai gajerun labarai ne, sau ɗaya a shekara.